Yadda Ake Lissafin Damar Ƙungiya Idan Kakar Wasa Ta Zo Gangara

Da zarar ya rage wasa huɗu ko biyar a kammala kaka, musun gidajen kallo daga Tudun Wada har Kawo da Rigasa yakan koma kan tambaya ɗaya: za mu samu gurbi ko ba za mu samu ba? Yawancin masu musun makin ƙungiyarsu kaɗai suke ƙirgawa, alhali rabin amsar tana wajen abokan takara. Lissafin ba ya buƙatar komai sai takarda da biro, da teburin gasar na ranar, da jadawalin wasannin da suka rage wa duk ƙungiyoyin da ke neman gurbin. Hanyar ɗaya ce ko Firimiyar Najeriya kake bi, ko gasar NNL ta ƙungiyoyin mataki na biyu, ko gasar unguwa da ake bugawa a Murtala Square.

Fara da sanin inda aka ja layi. A cikakkiyar kakar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowacce na buga wasa 38. Ta ɗaya da ta biyu su tafi gasar Zakarun Afirka, ta uku ta tafi Kofin Confederation, huɗun ƙarshe su faɗi. Amma a 2019 da 2023 an taƙaita kakar, aka raba ƙungiyoyin rukuni biyu, ukun farko na kowane rukuni suka haɗu a Legas a zagayen da ake kira Super Six. A irin wannan tsarin, ta uku da ta ɗaya duk tikiti ɗaya suke samu, ta huɗu kuwa ko da tazarar ƙwallo ɗaya aka bar ta, sai ta kalli sauran a talabijin.

Sai ka fitar da rufin kowace ƙungiya, wato mafi yawan makin da za ta iya kaiwa: ninka wasannin da suka rage mata sau uku, ka ɗora a kan makin da take da shi. Mu ƙaddara misali. Rukuni ne mai ƙungiya goma, kowacce za ta buga wasa 18, an buga 14, uku ake ɗauka. Ta ɗaya tana da maki 29, ta biyu 26, ta uku 23, taka ita ce ta huɗu da 22, ta biyar 21, ta shida 17. Rufin taka 34, na ta uku 35, na ta biyar 33, na ta shida 29. Duk ƙungiyar da rufinta bai kai makin da ta uku take da shi a yau ba, soke ta, ta fita. Ƙungiya kuma ba ta tabbata ta tsallake ba sai makin da ke hannunta ya wuce rufin duk waɗanda ke ƙasan layin. Ko ta ɗaya a wannan misali, da makinta 29, ba ta gama ba tukuna.

A nan akwai ƙaramin abu da ke ba mutane kunya a wajen musu. Ba kowane adadi ne ake iya samu ba. Daga wasa biyu ba a samun maki 5, daga uku ba a samun 8, daga huɗu ba a samun 11. Saboda haka idan lissafi ya nuna maki 11 kuke buƙata daga wasa huɗu, ma'anarsa sai kun cinye duka, canjaras ɗaya ya rusa komai.

Rufin da ka fitar na farko ɗanye ne, domin ya ɗauka kowa zai ci duk wasanninsa, abin da ba zai yiwu ba idan masu takarar za su haɗu da juna. Ɗauki jadawali ka ja layi a ƙarƙashin duk wasan da biyu daga cikinsu za su kara. A misalinmu, a ce ta uku za ta zo gidanku, kuma za ta je gidan ta biyar. In kun doke ta, rufinta ya sauko daga 35 zuwa 32. Ta biyar ba za ta wuce 33 ba. Ke nan idan kuka ci wasanninku huɗu kuka kai 34, babu mai taɓa ku ko me ya faru a sauran filaye. Da a ce ba ku da wasa da ta uku, da za ku iya cinye komai amma ita ta kai 35 ta bar ku a waje. Wannan ne bambancin ƙungiyar da makomarta ke hannunta da wadda take jiran wani ya yi tuntuɓe, kuma teburi kaɗai ba ya nuna shi.

Wasan ta uku da ta biyar shi ma sai ka warware shi gida uku, kana ɗauka kun riga kun doke ta uku. Ta uku ta ci: ita 32, ta biyar 30. Ta biyar ta ci: ita 33, ta uku 29. Suka tashi canjaras: ta uku 30, ta biyar 31. Ka ga canjaras ne abin da za ku yi wa addu'a, domin maki biyu kawai ake rabawa maimakon uku, kuma a lokacin maki 32 ya ishe ku, wato nasara uku da canjaras ɗaya. Da yawa sukan goyi bayan ta ƙasa ta doke ta sama ba tare da sun duba ba, alhali wannan sakamakon ne ya fi tsaurara musu sharaɗi.

Duk wannan abin da zai iya faruwa ne. Abin da ya fi kusa da faruwa lissafinsa daban, kuma a Najeriya ba ya yiwuwa sai an raba gida da waje, domin cin wasa a waje a gasarmu abu ne mai wuya: doguwar tafiya a mota, filin da ba a saba da shi ba, ga magoya bayan masu gida. Raba makin da ƙungiya ta samu a gida da yawan wasannin gidan, ka yi haka ga na waje. A ce taka ta samu 17 daga wasa bakwai a gida, wato kusan 2.4 a kowane wasa, da 5 daga bakwai a waje, wato 0.7. Saura biyu a gida, biyu a waje, sai ka sa ran maki shida, ku ƙare a kan 28. Ta uku ta riga ta buga yawancin wasanninta na gida, takwas ta buga ta samu 19, a waje 4 daga shida. Ɗaya ya rage mata a gida, uku a waje, don haka maki huɗu ko biyar ne rabonta, ta tsaya a 27 ko 28. Ta biyar kuwa 16 ta samu daga shida a gida, kuma uku daga cikin huɗun da suka rage mata a gida ne. Tana iya kwasar takwas ko tara, ta kai 29 ko 30. Ashe wadda ke bayanku ce barazanar, ba wadda kowa ya zuba wa ido ba.

Kar kuma maganar "a hannunmu take" ta ruɗe ka. In ka ba ƙungiyarka kashi 70 cikin 100 na cin kowane wasan gida, kashi 20 na cin kowane na waje, sai ka ninka su: 0.7 sau 0.7 sau 0.2 sau 0.2. Amsar kusan biyu cikin ɗari ce. Hanyar da ta fi dacewa a sa rai a kanta ita ce cin wasannin gida biyu, a ƙwato maki ɗaya ko biyu a waje, ta biyar kuma ta yi ɓari sau ɗaya a gidanta.

Kwantan wasa ma haka. Ƙungiyoyin da ke buga gasar Afirka sukan tara kwantai, magoya baya su riƙa ɗora musu maki uku-uku tun ba a buga ba. Wannan cinikin biri a sama ne. Sa shi a cikin rufi, amma wajen hasashe ba shi matsakaicin gida ko na waje kamar kowane wasa, ka ma rage kaɗan, tunda a tsakiyar mako ake cusa shi, 'yan wasa a gajiye.

Idan lissafi ya nuna za a iya yin kunnen doki a maki, nemi dokar gasar ka karanta yadda ake raba gardama, domin ba iri ɗaya ba ce. Firimiyar Ingila rarar ƙwallaye take fara dubawa, da ita Manchester City ta ɗauki kofi a 2012 bayan ita da Manchester United sun tashi da maki 89 kowacce. A Sifaniya da kuma wasannin rukuni na CAF, sakamakon karawar da ƙungiyoyin suka yi da juna ne kan gaba. A Super Six na 2023, Enyimba da Remo Stars da Rivers United duk maki tara suka yi, rarar ƙwallaye ta ba Enyimba kofin. Senegal kuwa a Kofin Duniya na 2018 yawan katin gargaɗi ne ya fitar da ita, bayan ta yi daidai da Japan a maki da ƙwallaye. Inda rara ce ke aiki, ka tuna ƙwallon da aka ci abokin takara biyu take: in kun ci shi 2-0, tazarar rararku da tasa ta motsa da huɗu. Shi ya sa ba a cewa ƙwallon ƙarshe ba ta da amfani. A Oktoban 2025, a wasannin neman gurbin Kofin Duniya, Najeriya ta ci Benin 4-0 a Uyo, rarar ƙwallaye ce ta sa ta gaban Burkina Faso cikin ƙasashe huɗu mafiya ƙoƙari da suka zo na biyu, bayan an cire sakamakon wasannin da aka buga da na ƙarshen rukuni saboda janyewar Eritiriya. Wanda ya yi lissafi da teburin da ya saba gani, ba tare da wannan cirewar ba, amsar da ya samu kuskure ce.

Akwai kuma makin da ake rasawa a ofis. A waccan gasar ta neman gurbin Kofin Duniya, FIFA ta mayar da nasarar Afirka ta Kudu ta 2-0 a kan Lesotho zuwa rashin nasara 3-0, saboda ta sa Teboho Mokoena alhali yana da dakatarwa. A 2022 an cire wa Kano Pillars maki a matsayin hukunci, kuma a kakar ta faɗi daga Firimiya, duk da kofunanta huɗu na 2008, 2012, 2013 da 2014. Idan akwai ƙorafin da ba a yanke ba a kan wata mai takara, yi teburi biyu, ɗaya da makin, ɗaya babu. Ga masu riƙe da ƙungiya, musamman ƙananan kulob na cikin Kaduna, wannan aikin sakatare ne: littafin katuna na kowane ɗan wasa, a duba shi kafin a miƙa sunaye. Hukuncin rufe fili ko mayar da ƙungiya wani gari shi ma yana canza lissafi. Lokacin da Pillars ke karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello na nan Kaduna, sunan wasan gida ne a takarda, amma ba daidai yake da filin Sani Abacha cike da masu ihun "Sai Masu Gida" ba. In haka ta faru, rage matsakaicin gidan.

Wani lokaci kakar ma ba ta kai ƙarshe. A 2020 korona ta tsayar da Firimiyar Najeriya, aka raba guraben Afirka da matsakaicin maki a kowane wasa, Plateau United na sama. Ƙungiyar da ke cewa "za mu rama a wasannin ƙarshe" ba ta samu damar ramawa ba.

Duba kuma halin abokan karawa, ba matsayinsu kaɗai ba. Ta tara da ke gudun faɗuwa, a gidanta, ta fi hatsari a kan ta shida da ba ta neman komai, ta biyu da ta riga ta tsallake kuma tana iya hutar da manyan 'yan wasanta.

Ranar ƙarshe a lokaci ɗaya ake buga wasannin, al'adar da ta kafu bayan Jamus ta Yamma da Ostiriya sun tashi 1-0 a Kofin Duniya na 1982, sakamakon da ya wadatar da su biyun ya fitar da Aljeriya. Ko hakan bai hana abin da ya faru a Bauchi a 2013 ba, inda Plateau United Feeders ta ci 79-0, Police Machine ta ci 67-0, kowacce na ƙoƙarin wuce ɗayar a ƙwallaye, hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu da 'yan wasansu. Ga mai lissafi, kafin a take leda ya zana layi uku a tsaye, nasara da canjaras da rashin nasara na ƙungiyarsa, uku a kwance na abokiyar takara. Gida tara ke nan. A kowane gida ya rubuta "mun shiga", "mun fita", ko adadin ƙwallayen da ake buƙata. In abokan takarar biyu ne, gidajen sun zama 27, sai a zana teburi uku, ɗaya ga kowane sakamakon ƙungiyarka, a ba mutum ɗaya aikin bin ɗaya filin ta rediyo ko waya, kuma kar a sanar da benci ƙwallo sai an tabbatar da ita daga majiya biyu.