Kafin a kira ka gwajin fitsari

Ƙannena da muke haɗuwa da yamma a filin wasa na Seyni Kountché, tunda wasunku sun fara fita gasa waje, ku ba ni kunnenku. A dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun ƙwayoyi a wasanni, "ban sani ba" ba ta wanke ɗan wasa. Duk abin da aka samu a fitsarinka, alhakinsa na wuyanka. André Onana, golan Kamaru, ya ce ƙwayar matarsa ya sha bisa kuskure, amma da aka ga furosemide, maganin da ke sa yawan fitsari, a jikinsa sai aka dakatar da shi shekara 1 a 2021, daga baya kotun wasanni ta rage zuwa wata 9.

Ka fara da zazzage jakarka. Tramol ɗin da ya zama ruwan dare a Yamai, tun 1 ga Janairun 2024 aka haramta shi lokacin gasa. Furosemide kuwa haramun ne kullum, kuma shi wasu 'yan taekwondo da dambe suke haɗiya don su rage nauyi kafin hawa sikeli. Raina yana ɓaci in na ga yaro ya tsayar da mai tallar magani, an ɓallo masa ƙwaya biyu babu kwali babu suna. Garin ƙara ƙarfi da jiƙon da ba ka san haɗinsa ba, su ma ka bar su. In ba ka da lafiya, ka faɗa wa likita kai ɗan wasa ne. In dole sai haramtaccen magani, akwai takardar izini da ake kira TUE, a nemo ta tun da wuri.

Ranar gwaji, jami'i zai nuna maka takardar shaidarsa, daga nan ba zai rabu da kai ba. Kana da damar tafiya da mai horar da kai. Ruwa sai na gorar da ka buɗe da hannunka, kuma kada ka cika ciki da shi, don in fitsarin ya tsinke sai an sake. Kai za ka zaɓi kofin fitsarin, ka duba ledarsa ba ta huje ba. Ana son mililita 90 aƙalla, a gaban idon jami'i, namiji ga namiji, mace ga mace, riga sama wando ƙasa. Akwai kunya, na sani, amma ƙin bayarwa yana iya jawo maka dakatarwar shekara 4.

Da kanka za ka zuba a kwalba biyu, A da B, ka rufe, ka tabbata lambobinsu sun yi daidai da na takarda. Ka rubuta duk maganin da ka sha cikin kwana 7, har da na ciwon kai. In wani abu bai kwanta maka ba, ka rubuta shi kafin ka sa hannu, sannan ka karɓi kwafinka. In kwalbar A ta nuna wani abu, kana da haƙƙin neman a buɗe B.