Yadda na dawo da barcina bayan azumi

Bayan ƙaramar sallah barcina ya ƙi komawa daidai. In kwanta ƙarfe goma, idona biyu har ƙarfe biyun dare, da safe kuma kai ya yi nauyi.

Ashe akwai agogo a ƙwaƙwalwa, wani ɗan gungun ƙwayoyi a saman mahaɗar jijiyoyin idanu, kuma haske ne ke saita shi. Zagayensa ya ɗan haura awa 24, shi ya sa raba dare ya fi kwanciya da wuri sauƙi. Hasken safe yana matso da lokacin barci, na dare kuwa yana danne sinadarin melatonin mai kawo shi.

Sai na daina komawa shimfiɗa bayan asuba. Rana na fitowa in zauna a tsakar gida minti 30 ina shan koko. Goro da shayi na tsayar daga azahar, domin kusan rabin kafeyin, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yana nan a jini bayan awa 5. Ƙailula minti 20 kacal, ita ce ta fi ba ni wuya. Waya kuma a falo take kwana.

Lokacin tashi na riƙe gam, ko daren bai yi daɗi ba. Na kwanciya shi ya riƙa matsowa da kansa, yanzu kafin sha ɗaya barci ya ɗauke ni.