Yadda Za Ka Samu Ƙarin Girma Ba Tare Da Jinkiri Ba

1. San ƙa'ida tukuna. A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, mai matakin albashi na 6 zuwa ƙasa sai ya shekara 2 a matakinsa kafin a duba shi don ƙarin girma, na 7 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa 17 kuwa shekara 4. Lissafa naka, kada lokacin ya wuce kana barci.

2. Cike takardar kimanta aikinka ta shekara da wuri, ka bi ta har maigidanka ya sa hannu. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa.

3. Riƙa rubuta duk aikin da ka kammala, da kwanan wata.

4. Ƙaro ilimi, ka kai satifiket ɗin a saka a fayil.

5. Fara karatun jarrabawar ƙarin girma tun wata 3 kafin ranar.