Bayan an cire ƙwaya ɗaya: yadda za ka kula da kanka idan ka warke daga sankarar maraina

Ranar da likita ya ce maka an gama magani, mutanen gida za su yi hamdala su koma harkokinsu. Kai kuwa a ranar za ka fara wani aikin, wanda ba kowa zai gane da shi ba. Ni tela ne a nan Jos, an cire min ƙwayar hagu, na sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ina da iyali. Da kai nake, ɗan'uwa, domin ciwon nan ya fi kama samari da magidanta 'yan shekara 15 zuwa 40, kuma yana cikin ciwukan daji da aka fi warkewa daga gare su. Ke nan akwai sauran rayuwa mai tsawo da za a tsara.

Fara da takardunka. Ka sayi fayil ɗaya ka zuba komai: sakamakon naman da aka cire aka auna, sunan kemon da aka ba ka da zagaye nawa, hotunan da aka ɗauka. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya. Yawancinmu haɗin magani uku ake ba mu, BEP, wato bleomycin, etoposide da cisplatin, kuma kowanne yana da sawun da yake bari a jiki. Likitan da zai duba ka nan da shekara 10, a JUTH ne, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko a Asibitin Ƙasa na Abuja, da wannan fayil zai san inda zai nufa.

Kada ka tsallake ranar komawa asibiti don kana jin garau. Idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa a shekara 2 na farko, kuma idan aka kama shi da wuri ana sake cin ƙarfinsa. Ana auna abu uku a jini da kan hau idan ciwon ya dawo, AFP, hCG da LDH, a haɗa da hoton ciki da na ƙirji, a bi ka a haka kamar shekara 5. Jini mai kyau ba ya wadatarwa shi kaɗai, don akwai nau'in da ba ya nunawa a jini. Hoton CT, wato wanda na'ura ke ɗauka na cikin jiki, da tsada, na sani. Ka tambayi likita watan da za a buƙace shi, ka shiga adashi saboda shi tun yanzu.

Sai maganar da kowa ke jin nauyinta. Ƙwaya ɗaya lafiyayya tana iya samar da sinadarin mazantaka, testosteron, da irin haihuwa daidai bukata ga mafi yawan maza. Ruwan maniyyi ma akasarinsa ba daga maraina yake fitowa ba, don haka ba za ka ga ya ragu sosai ba. Abin da ya fi kashe wa mutum jiki a watannin farko tsoro ne da gajiyar kemo. Ka zauna da maiɗakinka ka gaya mata gaskiya, in da hali ku je wajen likita tare ta ji da kunnenta. Shirun da kake yi don kunya, ita fassara shi take yi da cewa ka daina sonta.

Amma idan watanni suka shuɗe kana fama da kasala, sha'awa ta ɗauke, ranka na ɓaci ba dalili, tumbi na fitowa, ka nemi a auna maka testosteron. Da safe ake ɗiban jinin, kafin ƙarfe 10, lokacin da ya fi yawa a jiki. Idan ya yi ƙasa akwai allura da na shafawa. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: shan testosteron daga waje yana dakatar da samar da irin haihuwa. In kana neman haihuwa, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta. Masu tallar maganin ƙarfin maza da lasifika a kasuwar Taminus kuwa, ka wuce su da sallama. Ba ka san abin da ke cikin jarkar ba, ga ƙodarka ta riga ta sha wuya da cisplatin.

Game da haihuwa, likitoci kan ce a dakata da ɗaukar ciki na wani lokaci bayan kemo, wata 6 zuwa shekara ko fiye, gwargwadon abin da ka sha. Irin yakan farfaɗo a hankali, wani sai ya kai shekara 2. Gwajin maniyyi ne zai faɗi gaskiya, ba surutun dangi ba. Hajiya za ta yi ta tambaya, haka iyaye suke. Ka ce mata likita ne ya ba da lokaci, ta sa ku a addu'a. Wanda aka yi wa babbar tiyatar cire ƙulluwan bayan ciki, zai iya ganin ba ya fitar da komai lokacin saduwa, saboda maniyyin yana komawa mafitsara. Ba illa ba ne ga lafiya, kuma akwai hanyoyin taimako idan ana son ciki.

Sanyin Jos yana da nasa babi. Bayan BEP wasu yatsunmu kan yi fari fat su mutu idan sanyi ya taɓa su, sannan su dawo da zogi. A hunturun Disamba da Janairu, ni da ruwan ɗumi nake alwalar asuba, kuma ba na hawa babur ba safar hannu. Akwai kuma dindiris a tafin ƙafa da yatsu, wanda a sana'ata yakan sa zura zare a allura ya zama aiki. Yana raguwa ga wasu, ga wasu yana zama. Ƙarar da kake ji a kunne kamar kukan gyare ita ma aikin cisplatin ce. Ka je a auna jinka, ka rage zama kusa da janareto. Idan ka je kemis, kada ka yarda a yi maka allurar gentamicin ko a ɗora ka kan diclofenac ba da sanin likitanka ba. Ta farkon tana taɓa kunne da ƙoda, na biyun ƙoda. Batun azumi ma ka tambaya, a duba ƙodar tukuna.

Kemo yana ƙara haɗarin hawan jini, sukari da ciwon zuciya nan gaba, saboda haka ka riƙa aunawa duk shekara, ka taka da ƙafa, ka bar taba da shisha gaba ɗaya. Bleomycin yana taɓa huhu. Duk ranar da za a yi maka tiyata, ko bayan shekara 20 ne, ka gaya wa mai sa barci ka taɓa shan shi, don ya san yadda zai daidaita iskar oksijin.

Ƙwayar da ta rage, ka duba ta sau ɗaya a wata bayan wanka da ruwan ɗumi. Ka murza ta a hankali tsakanin babban yatsa da manuniya. Igiya mai laushi da ke bayanta halitta ce. Idan ka ji ƙullutu mai tauri, ko ta kumbura, ko ta yi nauyi, ko da babu ciwo, ka tafi asibiti a makon nan ka nemi a yi maka sikanin.