Idan kamfani zai tura ka aiki waje, kada ka yi gaggawar yin takardun da ke mutuwa

'Yan uwa na Legas, ga wata 'yar dabara da na koya bayan na yi asara.

Kada ka taɓa gwajin asibiti ko takardar shaidar hali ta 'yan sanda sai takardar izinin aiki ta fito daga can ƙasar. Galibi kamfanin da zai karɓe ka ne yake nemanta, ba kai ba, kuma takan ja lokaci.

Dalili? Waɗannan takardu suna da wa'adi. Gwajin tarin fuka da Ingila ke nema ga mai zaman sama da wata 6, shi kansa wata 6 yake yi ya mutu. Ni na yi sammako na sha cunkoso har Alagbon a Ikoyi, na karɓo ta 'yan sanda, kafin izini ya iso ta tsufa. Sai da na sake biya.

Abin da za ka fara da shi fasfo ne. Ƙasashe da yawa suna son a ce da sauran aƙalla wata 6 a jikinsa. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever): tun 2016 allura ɗaya ta isa har abada, amma sai ta kwana 10 take fara aiki.

Inda dabarar ba ta ci ba: idan an ce wata mai zuwa za ka tashi, to haɗa komai lokaci guda.

Mai zuwa Ghana kuma, ka kula. ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba biza, amma wannan shiga ce kawai, izinin aiki daban ne.