Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Birkin Baya na Tsohuwar Akori-kura Ya Kame

Akori-kura babu kaya, bayanta ba shi da nauyi. Da ka taka birki, nauyin motar gaba yake komawa, tayoyin baya su yi sakayau a kan kwalta. Ƙaramar matsala a birkin baya ta isa ta sa taya ta tsaya cak tana jan ƙasa, bayan mota ya nemi juyowa, musamman idan hanya ta jiƙe. Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, fara sanin irin kamun da kake fama da shi.

Nemi fili da babu kowa, ka tafi a hankali, ka taka birki da ɗan ƙarfi, sai ka sauko ka dubi sawun taya. Idan sawu ɗaya ne, laifin yana cikin duram ɗin wannan ɓangaren, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa da taya, wanda birki ke kamawa ta ciki. Idan biyu ne, zargi ya koma kan abin da ke raba ƙarfin man birki tsakanin gaba da baya. Kai hannu kusa da kowane duram ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi zafi bai saki ba tun da ka ɗaga ƙafa. Kamun da ke zuwa da sassafe kawai, ya ɓace bayan taku biyu ko uku, yawanci tsatsar raɓa ce.

Sa wa tayoyin gaba waigi, ɗaga bayan motar, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Wani ya taka birki ya saki, kai kuma ka juya tayar da hannu. Idan ta ƙi juyawa, sassauta ɗan notin fitar da iska na bayan duram. Mai ya yi tsartuwa kuma taya ta saki? To man ne ke shiga ba ya iya komawa. Sau da yawa tiyon roba da ke sauka daga bodi zuwa aksil ne ya ruɓe ta ciki, ko da daga waje yana nan kamar sabo. Don ka tabbatar, sake taka birki, wannan karon ka sassauta bututun ƙarfe a saman tiyon. Idan taya ba ta saki ba, tiyon ne. Idan ta saki, toshewar tana can sama, a bawul ɗin da ke raba ƙarfin mai ko a mastar birki, wato famfon da feda ke dannawa. Idan kuwa buɗe notin bai canza komai ba, duba wayar birkin hannu, don tsatsa kan riƙe ta cikin kubenta.

Sai a cire duram, kuma nan aikin ya fi yawa. Kada ka hure ƙurar da iska, tsofaffin lainin (abin da ke gogar duram ya tsayar da taya) wasu na da asbestos mai lahanta huhu. Wanke ta za ka yi. Dubi lainin da kyau. Mutane na zaton idan mai ya taɓa lainin santsi yake sawa, amma lainin da ya ɗan sha mai cafkar duram yake yi farat ɗaya. Ɗaga robar bakin ƙaramar silindar taya: in akwai danshi, man birki ke yoyo. Idan man baƙi ne mai kauri da warin man giya, sil ɗin aksil ne ya mutu. Gyara yoyon tukuna, sannan ka canza lainin na ɓangarorin biyu tare. Ni ban yarda da wanke lainin da fetur a mayar ba, man ya riga ya shige ciki, zafi zai sake fito da shi.

Duba sifirin da ke janyo lainin baya ko sun saki, da wuraren da lainin ke gogar farantin baya ko sun yi rami. A akori-kurar Amurka da yawa, lainin mai gajeren fata shi ke fuskantar gaba, dogon yana baya, kuma na'urar daidaita tazara ta hagu daban take da ta dama. An sha musanya su wajen gyara, birki ya yi ta matse kansa. Shi ya sa ake kwance ɓangare ɗaya a bar ɗayan don kwatance. Duram kuma an buga iyakar faɗinsa a jikinsa; idan ya wuce, ko ya daina zama da'ira, canza shi.

Idan tayoyin biyu ne ke kamewa tare, leƙa ƙarƙashin bodi. Tsofaffin Toyota Hilux da ire-irensu suna da bawul mai auna nauyin kaya, da sanda da ta haɗa shi da aksil. Bodi ya sauka saboda kaya, bawul ya ƙara wa baya ƙarfi. Idan sifirin baya sun gaji sun kwanta, bawul zai ɗauka an yi lodi alhali babu komai, ya tura ƙarfin da ya wuce kima. Haka idan ya daskare, ko wani ya ɗaure sandar da waya. Ana saita shi ne da ma'aunin littafin motar. Ford daga 1987, Chevrolet daga 1988, sun sa wa akori-kurarsu na'urar hana kamewar tayoyin baya. Idan fitilarta na kunne a dashbod, fara daga nan.

Kada ka manta da gaba. Kalifar da ta daskare (ita ce ke matse birkin gaba) ko iska a bututun gaba na sa ka ƙara danna feda, baya ya kame kafin gaba ya riƙe. Masu toshe bututun baya don kamun ya daina, sun bar wa tayoyi biyu aikin huɗu ne, kuma ranar da aka yi lodi motar ba za ta tsaya inda ake so ba. Bayan gyara, fitar da iska da sabon mai irin wanda aka rubuta a murfin masta, DOT 3 ko DOT 4, ka koma filin nan ka gwada, babu kaya sannan da kaya.