Yadda ake hana hannu ƙandarewa yayin tuƙa kayak a lokacin sanyi

Kayak siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya ko biyu, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na Girinlan da Alaska da arewacin Kanada, da shi suke farauta a tekun da ƙanƙara ke yawo a kai. Yau ya zama wasa, kuma ɗalibi ko ma'aikacin da ya sauka a Ingila, Sikotlan, Norwe ko Kanada zai tarar da ƙungiyoyin tuƙi da ba sa ajiye filafili ko a tsakiyar hunturu. Abin da ke fara kayar da sabon shiga shi ne hannu.

Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da yadda iska ke yi. Hannun mai tuƙi a jiƙe yake kullum, ga iska tana bugunsa. Idan zafin fatar yatsu ya sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, sai su fara nauyi, ɗaure igiya ko jan zif ya zama aiki. Idan ya kai wajen digiri 8, ba ka ma jin abin da ka taɓa. A tudu wannan wahala ce kawai. A kan ruwa kuwa da hannun nan za ka ja madaurin rufin da ya manne ƙugunka da bakin jirgi idan ya kife, da shi za ka kama igiyar ceto, da shi za ka danna waya. Shi ya sa masu tuƙi ke lissafa ɗumin hannu cikin kayan tsira.

Fara daga ƙirji da kai

Jiki yana da tsarinsa. Da zarar ƙirji da ciki sun fara yin sanyi, sai ya matse ƙananan hanyoyin jinin da ke zuwa yatsu domin ya tara jini mai ɗumi wajen zuciya da huhu. Duk tsadar safar hannun da ka sa, ita ba ta samar da zafi, wanda jini ya kawo take tsarewa. Idan jinin bai zo ba, ka yi asarar kuɗinka.

Saboda haka ka sa riga ta ciki ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, ka ɗora mai kauri a kai, sannan rigar da ruwa ba ya ratsawa, sai rigar ceto a sama. Auduga kada ma ta shiga lissafi, domin tana shan ruwa da gumi ta riƙe, ta manne a jiki tana sanyaya shi. Ka rufe kai da kunne da hula, ka rufe wuya. Sau da yawa wanda ke kukan yatsu, hula ce maganinsa. Ka ci abinci mai nauyi kafin ka fita, ka kuma sa dabino ko gyaɗa a aljihun rigar ceto inda hannu zai kai ba tare da ka tsaya ba.

Kada ka shiga jirgi da hannun da ya riga ya yi sanyi. Ana zubar da zafi mai yawa tun a bakin ruwa, wajen sauke jirgi daga kan mota da kwance jiƙaƙƙun igiyoyi da hannu tsirara. Ka yi wannan aikin da wata safa busasshiya daban, ka cire ta sai lokacin shiga. Idan za ka yi alwala, ka yi ta a gida ko da ruwan ɗumi na fulas, ka goge hannu sosai har tsakanin yatsu.

Wuyan hannu

Rigunan hana ruwa suna da bakin roba mai kama wuyan hannu. A sabuwar riga yakan matse fiye da kima, kuma ta nan jinin ke wucewa. Ka gwada a gida: sa rigar ka zauna minti goma. Idan jijiyoyin bayan hannu sun kumbura ko yatsu sun fara tsiko, ta matse. Ka cusa kwalba mai ɗan kauri a bakin robar ta kwana tana buɗa ta. Idan bai isa ba, ka duba, a jikin robar akwai zobe-zobe da aka zana, ka yanke guda ɗaya kacal da almakashi mai kaifi, yanka ɗaya a miƙe. Ɗan tsagi kaɗan a gefen, daga nan robar za ta yage. Agogo da zobe masu matsewa a cire su.

Filafili

Sandar filafili ta alminiyam tana jan zafi daga tafin hannu kamar ka riƙe ƙarfen ƙofa da asubar hunturu. Ta katako ko ta zaren gilas ko ta kabon ba ta haka. In ta alminiyam kake da ita, ka naɗe inda kake riƙewa da tef ɗin da ake naɗa wa hannun keke. Sannan akwai zoben roba guda biyu da ake sa wa sandar domin su tare ruwan da ke gangarowa daga bakin filafili. Ka ajiye kowanne kamar faɗin tafin hannu daga bakin. Idan ya matsa ƙasa har yana nutsewa a kowane tuƙi, shi da kansa zai riƙa ɗebo maka ruwan.

Fogi ko safa

A nan masu tuƙi suka fi sa-in-sa, kuma kowane ɓangare na da hujja.

Fogi wata jaka ce da ake liƙa wa sandar filafili da madauri mai mannewa, ka zura hannunka tsirara ka riƙe sandar a ciki. Tana tare iska da feshin ruwa, yatsu suna tare suna ɗumama juna, kuma kana jin sandar a tafinka, ka san inda bakin filafili ya fuskanta. A ranar iska babu abin da ya kai ta ɗumi. Akwai ta nailan mai shafi a ciki, akwai ta niyofirin, wato robar nan mai soso da ake ɗinka kayan masu nutso da ita. Ka zaɓi mai gajeren wuya da baki mai tauri wanda ke zama a buɗe. Mai dogon wuya mai laushi, hannu na farko zai shiga lafiya, na biyu kuwa sai ka ja da haƙori.

Aibinta ɗaya ne, amma babba: tana tare da filafili. Ka saki sandar, ko jirgi ya kife ka faɗa ruwa, hannunka tsirara yake. Gordon Giesbrecht, masanin da ya yi bincike a Jami'ar Manitoba a Kanada, ya yi suna da ƙa'idar 1-10-1 ga wanda ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi: minti 1 na shawo kan numfashi, kusan minti 10 da gaɓoɓi za su yi aiki, sai kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Cikin minti goman nan yatsu ne ke fara tafiya.

Safar niyofirin kuwa tana bin ka duk inda ka faɗa. Ba ta hana ruwa shiga gaba ɗaya, tana riƙe ɗan kaɗan ne jiki ya ɗumama shi. Kaurin milimita 2 zuwa 3 shi ne daidai. Mai milimita 5 ta masu nutso ce, da ita za ka riƙa kokawa da robar a kowane riƙo, kafin awa ɗaya damtsenka ya gaji. Ka nemi wadda aka ɗinka yatsunta a lanƙwashe, mai ɗinki da aka shafe da gam, mai tafi marar santsi. Wajen gwaji ka dunƙule hannu a kan sanda: in ƙarshen yatsu na tokare robar, ta yi kaɗan, za ta hana jini, in tana da fili da yawa, ruwa zai riƙa shiga yana fita yana kwashe ɗumin. Rauninta iska ce, domin jiƙaƙƙen bayanta yana sanyaya yayin da ruwan ke bushewa.

Tsakaninsu akwai safa mai ɗaki ɗaya, yatsu huɗu tare, babban yatsa a gefe. Ta fi mai yatsu biyar ɗumi, sai dai buɗe zif da ita wahala ne. Irinta mafarautan Girinlan ke ɗinkawa da fatar dabbar teku.

Ga abin da ya fi dacewa. A tafki ko kogi mai natsuwa kusa da gaɓa, fogi ta isa, amma da safa a aljihun rigar ceto. A teku, ko duk inda komawa tudu zai ɗauki lokaci, a haɗa biyun: siririyar safa mai milimita 1.5 ko 2 a hannu, fogi a kai. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sa siririyar safar ulu, ya ɗora safar roba ta wanke-wanke mai girma ɗaya sama da tasa. Tana aiki sosai har zuwa lokacin da ruwa ya shiga ta sama. Ko wacce ka zaɓa, ka gwada jan madaurin rufin jirgi da ita ido a rufe tun kana bakin gaɓa.

A kan ruwa

Sabon shiga yakan damƙe sanda kamar za a ƙwace masa. Damƙar nan tana matse jini daga yatsu. Hannun da ke sama turawa yake yi, ba ya bukatar riƙo, don haka ka buɗe yatsunsa a kowane tuƙi. Buɗewa da rufewar nan kaɗai tana tura jini. Ka fara da ɗan ƙarfi a minti goma na farko har jiki ya ɗauki zafi, amma kada ka kai ga jiƙewa da gumi.

Duk bayan kamar minti ashirin, ka taɓa ɗan ƙaramin yatsa da babban yatsa. Idan sun ƙi haɗuwa, ko sun haɗu da ƙyar, lokacin tsayawa ya yi. Ka sa abokin tafiya ya riƙe maka jirgi, ka cire jiƙaƙƙiyar safa, ka cusa hannu a hammata ko a wuya. In kun sauka tudu, ka wulwula hannu daga kafaɗa da ƙarfi sau ashirin ko talatin, jini zai gangara har ƙarshen yatsu. Zai yi zafi kamar ana soka allura, wannan alamar jinin ya dawo ne. Ka sha shayi mai sukari, ka rungume kofin da tafi biyu. Sigari tana ƙara matse hanyoyin jini. Giya kuma tana sa mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne ke fita.

Ƙananan ƙunshin ɗumama hannu na garin ƙarfe da iska suke aiki, idan sun jiƙe sun mutu. Ka adana su a jakar da ruwa ba ya shiga, tare da busasshiyar safa da tawul, don lokacin hutu.

Idan yatsa ya riga ya mutu

A fata mai duhu ba lallai ka ga ja ko shuɗi ba. Ka duba farce da tafin hannu: yatsa yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ka taɓa ba ka ji. Kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta ko a jikin hita, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. A tsoma shi a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun lafiyayye za ta zauna a ciki ba damuwa, har fatar ta yi laushi. Idan akwai yiwuwar ya sake daskarewa kafin a isa gida, a bar narkarwar sai an isa, domin daskarewa ta biyu ta fi ɓarna. Bororo, ko rashin ji da ya wuce 'yan sa'o'i, maganar asibiti ce. Ba sai ruwa ya zama ƙanƙara ake samun rauni ba: daɗewa a jiƙe cikin sanyi yana lalata jijiyoyin ji, ciwon ya ɗauki watanni.

Binciken da aka yi a rundunonin sojan Birtaniya da Amurka ya nuna cewa raunin sanyi ya fi kama sojoji 'yan asalin Afirka. Don haka kada ka auna kanka da abokin tuƙinka Bature da ke tafiya hannu tsirara, ka sa kariya tun kafin shi. Mai ciwon sikila kuwa sanyi da jiƙewa suna tayar masa da ciwo, sai ya ga likitansa kafin ya yi tunanin tuƙin hunturu.

Bayan an dawo, a ɗauraye safa da fogi da ruwan famfo a fitar da gishiri, a juya cikinsu waje, a shanya a inuwa. Rana da zafin hita suna busar da niyofirin ya tsage. Ƙaramin tsagi a ɗinki ana liƙe shi da gam ɗin niyofirin, a bar shi ya kwana kafin a mayar da shi ruwa.